Ranar da Hinde Ta Cika Ciki

Wani dare bayan sallar isha'i, ina kwance a kan tabarma a tsakar gida, sai na ji wata ƙara daga bayan katanga. Ba daka ba ce, ba niƙa a dutse ba ce, kuma ba ta da gurnanin injin markaɗe. Ƙurus, ƙurus, ƙurus, sai ta tsaya kamar mai maida numfashi, can kuma ta ci gaba. Na ce a raina ko akuya ce ke tuƙa. Amma na yi kiwon awaki tun ina ƙarami, ban taɓa jin wadda ke tuƙa da haƙoran ƙarfe ba.

Ni kuwa an san ni a Tambuwal da bin abin da ban gane ba. Sunana Maccido. Boko kaɗan na taɓa aka cire ni aka sa kiwo, sauran abin da na sani duk a hanya na tsince shi. Ɗakina cike yake da abubuwan da mutane suka yar, akwai agogon bango mai tafiya da baya, da ƙwan jimina da ya tsage, da wani dutse da ba ya nutsewa a ruwa. Amma ba son kallo kaɗai ya hana ni barci a daren ba. Da la'asar Asma'u ta kira ni a waya daga Fakku, can ƙasar Kebbe, tana magana ƙasa-ƙasa don kada uwarta ta ji.

Uwar tata ita ce Hinde, ɗiyar gwaggona, wato taubashiyata. Tun muna yara ba mu taɓa gaisawa da daɗin baki ba. Ita ta ce ni bawanta ne, ni in ce ita kuyangata ce, kuma duk abin da ɗayanmu ya faɗa wa ɗaya, al'ada ta hana a yi fushi. Da mijinta ya rasu sai ta koma gidan Asma'u, 'yarta ta fari, a ƙarƙashin inuwar surukinta Nasiruddeen.

"Kawu, Inna ta ƙi abinci," in ji Asma'u. "Kunu kaɗai taka sha, shi ma sai an yi ta lallashi."

"Mi yas same ta?"

"Haƙora dai. Na ciki duk sun zube. In anka kai mata nama sai ta rufe da faifai ta ce ta ƙoshi, in jikoki sunka shigo ta rabe musu. Mun kai ta asibiti a Kebbe, sun ce jininta ya yi ƙasa ƙwarai. Sun ba da magani, sun ce in tana cin nama da ganye shina iya dawowa a gida. In kuwa ba ta ci ba, sai Sakkwato, a kwantar da ita."

"Ku yi mata dambu mana."

"Mun yi. Tac ce wai mun maishe ta jinjira, kowa na tauna ita ana yi mata daka. Ta ɗan taɓa, ya sarƙe ta, ta yi ta tari. Tun ran nan ko ƙamshinsa ba ta son ji."

Sannan ta faɗi abin da ya tsaya mini a rai. Nasiruddeen ya riga ya yi magana da mai mota, washegarin Cika-ciki za a ɗauki Hinde zuwa Sakkwato. Ita kuwa ta rantse in aka saka ta a motar nan, gawarta za a dawo da ita. Wanda bai san Hinde ba zai ce maganar tsofaffi ce. Ni na san ta. Ta taɓa takowa a ƙasa daga Jabo har Tambuwal da damin gero a ka, don kawai mai jakin da zai ɗauko mata ya yi mata kallon tausayi.

Da gari ya waye na yi sallama a gidan maƙwabcina Malam Gazali, malamin firamare ne. Matarsa ta tafi gidansu wankan jego, ta bar shi da yara yana fama da tukunya.

"Malam, wace dabba kaka kiwo nan gidan? Jiya na ji ta tana cin tuwo da haƙoran ƙarfe."

Ya yi dariya har ya riƙe ciki, ya ja ni ciki ya nuna mini. Wani abu ne na baƙin ƙarfe, bai kai tulu girma ba, an ɗaure shi a gefen benci da ƙatuwar ƙusa mai murɗawa. Bakinsa a sama yake a buɗe kamar ɗan tsako mai jiran uwa, yana da hannu guda a baya, gabansa kuma wani faifan ƙarfe ne mai huji-huji. Injin niƙa nama ne na hannu, ya ce a wurin masu tsofaffin kaya ya same shi a Sakkwato.

"Baba Maccido, shi ke rufa mini asiri. In na taso makaranta a gajiye, kafin yara su gama kukan yunwa na gama."

Ya ɗauko ragowar tsokar da ya ajiye, ya yanyanka, ya jefa a bakin ya murɗa hannun. Sai ga nama yana fitowa ta hujojin nan, zare-zare, ja, mai taushi kamar taliyar da ta nuna. Na tsuguna ina kallo. Na tuna shekarun da na yi ina ganin tsofaffi suna juya tsoka a baki kamar mai neman ƙofa a duhu, ashe ga haƙora nan an ƙera na aro suna zaune a kan benci. Ya soya naman da albasa da tumatir, ya tsaga burodi ya cusa a ciki, ya danna a kan kasko mai zafi, ya miƙo mini. Ya ce sunan abin sanwic. Ni ma turamen bakina ba su cika ba, amma na cinye shi ban nemi taimakon ko ɗaya daga cikinsu ba.

Na lashe maiƙon da ke yatsuna. Abin da na lura da shi ba taushin kaɗai ba ne. Naman a ɓoye yake cikin burodi. Mai haƙora da marar haƙora in suka riƙe shi, hannunsu iri ɗaya ne, bakinsu iri ɗaya ne, ba wanda zai ce wannan an yi masa na dabam.

"Malam, ka ara mini dabbar nan. Ina da kuyanga a Fakku da taka son horo."

Na ba shi labari. Nan take ya kwance injin, ya wanke, ya nuna mini yadda ake haɗa shi da yadda ake warwarewa, ya naɗe mini a buhu.

Ranar Cika-ciki da safe na sayi burodi mai laushi a bakin tasha, irin dogayen nan da ba a yanka ba, na hau mota zuwa Kebbe. Damina ta zauna, gero ya kai gwiwa, duk inda ka duba kore ne. Daga Kebbe ɗan kabu-kabu ya ɗauke ni. Buhun injin na kan cinyata, jakar burodi na rataye a wuya kamar laya, in muka shiga taɓo in ɗaga ƙafafu sama in riƙa salati. Wani wuri sai da muka sauka muka tura.

Na iske Hinde zaune a bakin ƙofar ɗakinta a kan buzu. Na tsaya na dube ta. Matar da a da in ta taka ƙasa sai ka ji, ta koma kamar karan dawa da aka ɗaura wa zane. Awarwaron hannunta ya zame har kusa da gwiwar hannu. Amma na san in na bari ta ga tausayi a fuskata, na ɓata tafiyar tun ban fara ba.

"Kuyanga, ba ki ga ubangidanki ya iso ba? Ina ruwa?"

Ta ɗago ido ta dube ni daga hula har takalmi.

"Wa ya kwance bawan nan daga turke? Dubi taɓo har gemu. Mi kaz zo da shi cikin buhu, ko bolar Tambuwal ce ta ƙare kaz zo kwasar tamu?"

Muryar ta yi rauni, amma dafin na nan. Na ji daɗi.

Asma'u ta kawo ruwa, Nasiruddeen ya zo ya durƙusa muka gaisa. Mutum ne mai kirki, manomi mai shanun huɗa, kuma kirkin nasa na cikin abin da ke kashe Hinde. Duk ranar da aka yi yanka, tsokar da ta fi kowace girma ita yake sa a kai wa surukarsa, don girmamawa. Ita kuwa kunya ba za ta bar ta ta ce ba ta iya taunawa ba, kuma ba za ta ci komai ba in ta san yana cikin gida, ko da katanga a tsakaninsu. Ko sunansa ba ta faɗi, sai dai ta ce maigidan nan. Asma'u ma, da yake 'yar fari ce, wagga take ce mata.

Na ja su gefe na faɗa musu rabin shirina, na kwance buhu. Gidan babu benci mai kauri, sai na ɗaure injin a katakon amalanken shanu da ke jingine a ƙarƙashin darbejiya, daidai inda Hinde za ta iya gani daga ƙofarta.

"Kawu, ga naman," in ji Asma'u.

Ta sauko da ƙwarya daga rataye. Naman layya ne, wanda aka shanya tun Babbar Sallah aka adana don wannan rana, har da jelar ragon. Kowa ya san shi ake dafawa ranar Cika-ciki, a ci a ƙoshi don shekara ta shigo da ƙoshi. Ni ma ban yi wani tunani ba. Na ce ai naman albarka shi ya fi cancanta ya fara shiga bakin injin. Na zaɓi wani busasshen yanki, baƙi, mai tauri kamar igiyar guga, na cusa, na yi bismilla, na murɗa.

Hannun ya yi rabin zagaye ya tsaya. Na ƙara ƙarfi. Shiru. Na sa hannu biyu na danna da ƙirji, sai amalanken ya ɗaga ƙafa ɗaya, ya juyo, sandar jansa ta share kwanukan da aka kife a rana, kaji suka watse, ni kuwa na zauna daɓas a cikin kwatamin wanke-wanke.

Sai na ji wani sauti a bayana, siriri, mai katsewa. Hinde ce ke dariya. Ta dafe ƙofa, hawaye na zuba, bakin nan a buɗe ba ta ma tuna ta rufe shi da gefen mayafi ba.

"Wayyo cikina! Wagga, zo ki ga bawana. Ya ɗauko ƙarfe tun daga Tambuwal don ya kashe shi a gabana. Ashe shi ma injin naka tsoho ne, ba shi da haƙora!"

Asma'u ta tsaya da ƙwarya a hannu tana kallon uwarta. Daga baya ta gaya mini tun rasuwar babanta ba ta ji wannan dariyar ba.

Na tashi na kakkaɓe, na warware injin, na zaro yankin da ƙyar da tsinken ƙarfe. Ko gezau bai yi ba, sai ɗan shaidar da ƙarfe ya bar masa. Malam Gazali bai ce mini kada in sa busasshen nama ba, don bai taɓa zaton akwai mai hankalin da zai gwada ba.

"Nasiru," na ce, "hau babur ka nemo mahauci. Tsoka zalla, ta yankan yau, ta cinya. Kada ya haɗa maka da jijiya ko tantani."

Ya tafi. Asma'u ta zuba naman layya a tukunya ta ɗora a murhu kamar yadda aka saba, da daddawa da kayan yaji. Ni kuma na zauna a kan turmi na fuskanci Hinde, muka ci gaba da yaƙi. Ta tuna mini ranar da na faɗa rijiyar Sanyinna ina leƙen tauraro da rana tsaka. Na tuna mata ranar da ta gudu daga ɗan maraƙi ta bar tallen nono a hanya. Muna cikin haka har rana ta karkata, Nasiruddeen ya dawo da nama a ganye, wandonsa jiƙe da taɓo.

Wannan karon na bi a hankali. Na cire ɗan kitsen da ke jiki, na yanyanka tsokar ƙanana kamar goro. Na jefa kaɗan, na murɗa. Hannun ya juya sumul. Jan zaren nan ya fara zubowa cikin kwano, yaran gidan suka yi ihu, har Asma'u ta ce la'ilaha. Ina jefa nama ina haɗawa da albasa da ɗan attaruhu da citta ɗanya da tafarnuwa, duk injin ya haɗiye ya fitar da su a gauraye. Da na gama sai na sake maida shi duka ya bi ta ciki karo na biyu, don ya ƙara laushi. Ban dubi wajen Hinde ba, amma ina jin idonta a ƙeyata.

Gidan masu shanu ne, don haka na ce a ajiye man gyaɗa a kawo man shanu. Ya narke a kasko, na zuba naman, ya yi caa. Na riƙa farfasa shi da muciya don kada ya dunƙule. Da jan ya ɓace na zuba jajjagen tumatir da gishiri. Sai na tuna da tarin da dambu ya sa ta, na ce lallai wannan kada ya bushe. Na ɗauki ludayi na ɗebo romon naman layya daga tukunyar Asma'u na kwarara a ciki. Ƙamshin daddawa da na man shanu suka haɗu suka tashi, suka bi ta kan katanga. Da ma abin da ya dame ni ke nan, kada Hinde ta ce ba naman Cika-ciki ba ne. Yanzu albarkar layya ta shiga, ba ta da ƙofar fita.

Duk aikin, daga niƙa zuwa saukewa, bai kai tsawon abin da ake ɗauka a tuƙa tuwo ba. Na yanka burodin gunduwa-gunduwa, na tsaga kowace a gefe ban raba ta biyu ba, na cika ta da nama har romon ya jiƙa cikin, na danna a kasko kaɗan don ta ɗumama, ban bari bayan ya yi ƙarfi ba. Na jera su a babban faifai. Aka kira magariba.

Da muka dawo masallaci na ce wa Nasiruddeen ya zauna a zaure shi da baƙin da suka biyo shi daga masallaci, kada ya kuskura ya leƙo ciki sai na kira shi. Na aika musu nasu. Na dawo tsakar gida na ɗauki faifan.

Asma'u ta miƙo hannu ta zaɓi mafi girma, ta nufi ƙofar uwarta, don tun da aka haife ta ba a taɓa raba abinci a gida ba a fara da Inna ba. Na tare ta.

"Ina za ki da shi?"

"Na Inna ne, Kawu."

"Maido. Wanga abincin 'yan birni ne, ba a ba kuyangi. Ki dama mata kununta."

Na faɗa da ƙarfi yadda har zaure za a ji. Asma'u ta zaro ido, na ƙifta mata. Na bi yara ɗaya bayan ɗaya na ba kowa nasa, na ba Asma'u, na sa ta ware guda ta rufe da kwano ta ajiye a kan dakalin da ke gefen ɗakin Hinde, na maƙwabciyarsu Batula, wadda ta aiko musu da tuwo tun da rana. Sannan na ɗauki wanda Asma'u ta zaɓa da farko, na jawo turmi har gaban buzun Hinde, na zauna gwiwata na kusan taɓa tata.

Tsakar gida ta yi tsit, sai motsin bakuna. Na ɗaga nawa na juya shi a hasken fitila, romo na bin yatsana.

"Kai, Allah ya yi wa mai haƙora daɗi," na ce. "Kuyanga, kau da kai, kada miyanki ya zubo mini a kai."

"Ko kyauta ba ni cin jagwalgwalon bawa."

"Wa ya yi miki tayi? Ai ko kin roƙa ba ki samu. Yau Cika-ciki, kowa zai shiga sabuwar shekara da ƙoshi, ke ki shiga da kunu. In an tambaye ni a Tambuwal in ce na bar ta tana lasar ludayi."

Na ga jijiyar wuyanta ta motsa. Na buɗe baki a hankali, na kawo burodin kusa, na rufe ido kamar mai jin daɗi tun kafin ya ci.

Ban san hannun nan yana da sauran sauri haka ba. Sai dai na ji iska, na buɗe ido, hannuna wayam.

"Yau wace rana ce?" in ji Hinde, tana riƙe da shi a ƙirji da hannu biyu. "Ka manta? Yau abin da duk taubashi ya ƙwace ya ƙwatu. Tun kakanni haka aka yi. Ka kai ƙara inda kaka so."

"Ba ni abina, ɓarauniya!"

"Zo ka amsa."

Ta kai baki ta gatsa, idonta cikin nawa, don ta ƙona mini rai. Na ga lokacin da ta shirya yin fama da shi, ta tattara baki yadda ta saba. Sai ta tsaya. Babu abin yin fama da shi. Burodin ya jiƙe da romo, naman ya baje a kan harshe. Ta haɗiye. Ta dubi abin da ke hannunta, ta leƙa cikinsa, ta dubi yaran da ke cin irinsa, ta dubi Asma'u da ke cin irinsa. Ta sake gatsa, wannan karon babba.

Asma'u ta juya baya ta shiga gyara itacen murhu da ba ya bukatar gyara. Ni kuwa na ci gaba da kururuwa, don na san in na yi shiru kunya za ta dawo.

"Jama'a ku shaida, an yi mini fashi da tsakar gida! Tsohuwa ta cinye mini abincin dare!"

"Gishiri ya yi kaɗan," in ji Hinde da cikakken baki. "Bawa dai bawa ne. Gobe ka ƙara, kuma ka sa yakuwa ko zogale a ciki, ba ka san nama na son ganye ba?"

"Gobe? Ai gobe kina Sakkwato, ana ba ki ruwa ta jijiya."

"Uban wa zai kai ni? Wagga, gaya ma maigidan nan ya sallami mai motarsa. Kuma ƙarfen can ba shi barin gidan ga. Shi ma na ƙwace."

"Na aro ne!"

"Sai ka san abin da kaka gaya ma mai shi."

Ta cinye tas, ta lashe yatsu, ta ce a ba ta ruwa da ƙwayar maganin da aka ba ta a asibiti, wadda da sai an yi rigima take sha.

Na fita zaure da sauri. Nasiruddeen ya miƙe da ganina, bai ko taɓa nasa ba, yana riƙe da shi ya huce.

"Kawu, ta taɓa?"

"Ta taɓa? Ta yi mini fashi, ta ce gishiri ya yi kaɗan, ta ba da odar na gobe. Kira mai mota ka ce a dakata. In ta yi mako tana ci haka, ku maida ta Kebbe su sake duba jinin."

Ya zauna a kan tabarma kamar wanda aka sauke wa buhu, ya ce alhamdulillahi ya fi a ƙirga. Ya ciro waya ya kira mai motar a gabana. Sannan ya ce zai shiga Sakkwato da kansa ya nemo wa Malam Gazali wani injin, tunda wannan ya riga ya faɗa hannun da ba a karɓa. Ya gutsura nasa biyu ya ba ni rabi, don ni har lokacin ban sa komai a ciki ba. Muka ci muna dariya kamar yara.

Da na koma ciki na tarar Asma'u na kwashe tuwo, yara sun baje a tabarma suna shafa ciki. Hinde ta ɗan juya wa tsakar gida baya, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, amma muƙamuƙinta na motsi a hankali. Kwanon da ke kan dakali na nan a kife yadda aka bar shi.

Sai ga sallama daga ƙofar baya. Batula ce, maƙwabciyar, ta shigo tana gyara ɗaurin kallabi.

"Tun la'asar ƙamshi ya hana ni sakat. Yara sun ce an aje mini nawa a kan dakali."

Ta nufi kwanon ta ɗaga. Babu komai a ƙarƙashinsa sai ɗigon mai da ɓurɓushin burodi. Ta duba bayan dakalin, ta duba ƙasa, ta dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"To, wa ya cinye mini nawa?"

Asma'u ta sunkuya a kan tukunyar tuwo, ni kuma na nufi amalanke na shiga kwance injin.